Babur a Bayan Tirela: Yadda Mai Keke Ya Lissafa Abin da Ya Daina Gani

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda aka yi karo a bakin layi ya san maganar da ake fara ji daga bakin mai Keke Napep: “Wallahi na gan shi, yana can nesa!” Mai babur kuma, idan bakinsa na iya magana, cewa zai yi keken daga sama ya faɗo masa. Jama'a sukan ɗauka ɗayansu ƙarya yake yi. Yawanci babu maƙaryaci a cikinsu. Mai keken ya ga babur ɗin da gaske, kuma yana nesa da gaske a lokacin da ya gan shi. Matsalar tana cikin daƙiƙa uku da suka biyo baya, lokacin da babur ɗin ya shige bayan wata babbar mota, ido ya rasa shi, kai ya ci gaba da lissafi shi kaɗai.

Lamarin da za a bi a nan irin wanda ake gani ne a layukan da ke kewaye da kasuwar Sabon Gari a Zariya, inda tireloli ke tsayawa sauke kaya a gefen kwalta. An tsara shi da ma'auni zagayayyu domin lissafin ya fito fili, kuma kowa zai iya sake auna su da tef a layin unguwarsu.

Yadda wurin yake

Titi ne mai hannu biyu, ɗaya zuwa ɗaya dawowa. Wani ƙaramin layi ya fito ya haɗu da shi. Mai Keke Napep ya ɗauko fasinja uku da buhu ɗaya daga cikin layin, yana so ya ƙetara hannun da ke kusa da shi ya shiga na can ya yi hagu. Tun da a Najeriya dama ake bi tun 1972, abin da zai fara cin karo da shi daga hagunsa zai fito.

A hagun nan kuwa an ajiye tirela. Tsawonta mita 17, faɗinta mita 2.5. Kanta yana mita 8 daga bakin layin, gindinta yana mita 25. Babura suna bi ta gefenta, kamar mita 2 daga jikinta. Can baya da gindin tirelar akwai tudun rage gudu. Mai keken ya tsaya a inda idonsa yake mita 5 baya da gefen tirelar na waje, wato wanda ba ya kallon titi, domin daga nan yana hango titin ta bayan gindinta, ta wani fili da babu shago.

Ta wannan filin ya hango babur ya sauko daga tudun. Ya kalle shi kamar daƙiƙa ɗaya, babur ɗin ya shige bayan tirela. Wata fasinja ta ce, “Malam, shiga mana, ai yana da nisa.” Shi ma abin da ya gani ke nan. Ya saki kuloci.

Tirela mai mita 17 tana ɓoye fiye da mita 17

Wannan ne abu na farko da direbobi ba su cika lura da shi ba. Abin da mota ke ɓoyewa ba tsawonta ba ne, inuwar da take yi wa idon mai kallo ce, kuma inuwar tana ƙara tsawo yayin da mutum ke matsowa bakin titi. A wannan wurin, wanda ya tsaya mita 10 baya da tirelar, titin da ya ɓuya masa ya kama daga mita 36 zuwa mita 9, wato kusan mita 27. Wanda ya matso mita 5, kamar mai kekenmu, ya rasa daga mita 47 zuwa mita 10, wato mita 37. Wanda ya matso mita 2 ya rasa kusan mita 70. Idan ido ya zo daidai da gefen tirelar na waje, ta bayan gindinta babu abin da zai ƙara gani ko kaɗan.

Ke nan matsowa rabi da rabi ya fi tsayawa can baya muni. Sai mutum ya wuce jikin motar gaba ɗaya titin yake sake buɗewa. Tsakanin wuraren biyu, tuƙin makaho ne.

Lissafin da ya yi da wanda ya faru

Babur ɗin ya ɓuya yana mita 47 daga mahaɗar, yana gudun kilomita 30 a awa, wato mita 8.3 a kowace daƙiƙa. Da ya ci gaba a haka, sai ya yi daƙiƙa 5.7 kafin ya iso. Keke Napep tsawonsa kusan mita 2.6 ne. Daga inda ya tsaya, sai ya ci kamar mita 12 kafin gindinsa ya fita daga hanyar babur. Keke mai lodi da ya tashi daga tsaye yana ƙara gudun mita 1 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa zai ci wannan tazarar a daƙiƙa 4.9. Saura 0.8. Ƙanƙanin rata ne, amma irinsa ne masu keke ke shiga sau ɗari a wuni su fita lafiya, shi ya sa jiki ya saba da shi.

Sai dai mai babur da ya sauko daga tudu ba ya zama a gudu ɗaya. Murɗa totur yake yi. A ce yana ƙara mita 1.5 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, abin da ƙaramin babur ke yi ba tare da wahala ba. To mita 47 ɗin nan a daƙiƙa 4.1 zai cinye su, ya iso da gudun kilomita 52. A daidai daƙiƙa 4.1 kuwa keken ya ci kusan mita 8.5, hancinsa ya shiga layin babur cif.

Yaushe suka ga juna? Wajen daƙiƙa 3.1 bayan ɓuya, babur yana mita 14 zuwa 15 daga mahaɗar, yana kan kilomita 47. Saura daƙiƙa ɗaya. Mutumin da abu ya zo masa ba zato yakan ɗauki daƙiƙa ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ya fara taka birki. A daƙiƙa ɗayan nan kaɗai babur ya ci mita 13, birkin kansa kuma a busasshiyar kwalta yana buƙatar wasu mita 14. Yana neman mita 27, yana da 15. Mai keke ma haka: kafin ƙafarsa ta isa birki ya ƙara cin mita uku da rabi. A lura da wani abu: lokacin da suka ga juna, mai babur bai ma kai kilomita 50 da dokar hanya ta yanka wa cikin gari ba.

Abin da kai ke yi idan ido ya rasa abu

Masana halayyar gani sun daɗe suna auna wannan. Gwajin mai sauƙi ne: a nuna wa mutum abu yana tafiya a allon kwamfuta, ko bidiyon mota tana tahowa, sai abin ya ɓace ko ya shige bayan shamaki, a ce ya danna maɓalli a lokacin da yake jin ya iso. Bambancin lokacin da ya danna da lokacin gaskiya shi ake rubutawa.

Tun kafin wannan, Albert Michotte na ƙasar Beljiyam da ɗalibansa sun nuna cewa idan abu ya shiga bayan shamaki ya fito ta ɗaya gefen a kan kari, mai kallo ba ya jin abu biyu ya gani, ji yake abu ɗaya ne ya ratsa, kamar jirgin ƙasa da ya shiga rami ya fito. Wato ƙwaƙwalwa tana cike giɓin da kanta. Tana yin haka ta hanya biyu. Wani lokaci takan bi abin a zuci, ido yana bin bayan shamakin kamar yana ganinsa. Wani lokaci kuma takan yanke tun farko cewa saura daƙiƙa kaza, ta riƙa ƙirgawa. Bin da ido ba ya daɗewa da santsinsa: kafin kwata na daƙiƙa ya cika, gudun idon ya fara raguwa, sai ya koma tsalle-tsalle zuwa inda ake zaton abin zai ɓullo.

Ko ta wace hanya aka bi, da jari ɗaya ake aiki: gudun da aka gani na ƙarshe. Nan ne mai kekenmu ya faɗi. Gwaje-gwaje da dama sun nuna cewa mutane ba sa saka ƙarin gudu a lissafinsu. Abin da ke ƙara gudu kafin ya ɓuya, sai a zaci zai iso a makare. Abin da ke rage gudu, sai a zaci zai iso da wuri. Idon ɗan Adam gwani ne wajen gane gudu, amma raggo ne wajen gane cewa gudun yana canjawa. Sai canjin ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu a ɗan lokacin da ake kallo kafin a tabbatar da shi. A daƙiƙa ɗayan da mai keke ya kalli babur, gudun ya tashi daga kamar kilomita 25 zuwa 30 ne kawai. Yana bakin iyakar abin da ido ke kamawa, ga nisa, ga babur ɗin kusan fuskantarsa yake yi.

Na biyu, girman abu yana ruɗin lissafi. A 1976 David Lee na Jami'ar Edinbara ya bayyana cewa abin da ke taho wa mutum kai tsaye yana ba da lokacin isowarsa a cikin hotonsa: a raba girman da ya cika a ido da saurin da girman ke ƙaruwa, amsar ita ce daƙiƙoƙin da suka rage, ba sai an san nisa ko gudu ba. A ƙa'idar lissafi wannan bai damu da ƙanƙantar abu ko girmansa ba. A aikace kuwa mutane suna jingina da girman. Patricia DeLucia ta nuna a 1991 cewa babban abu da ke nesa akan zaci zai riga ƙaramin da ke kusa isowa. Daga baya an gwada da bidiyon titi, aka samu direbobi suna ba babur lokaci mai tsawo fiye da mota ko babbar mota, alhali gudunsu da nisansu ɗaya. Babur da mahayinsa faɗinsu bai wuce santimita 70 zuwa 80 ba, ƙaramar mota kuwa ta kusa mita 1.8. Daga nisa ɗaya da gudu ɗaya, hoton motar yana buɗewa a ido fiye da ninki biyu na babur. Da bas ce ta shige bayan tirelar nan, da wuya mai keken ya saki kuloci.

Na uku, tsawon ɓuyan. Idan abu ya ɓuya rabin daƙiƙa, amsoshin mutane suna taruwa wuri ɗaya kusa da gaskiya. Idan ya kai daƙiƙa uku ko huɗu, sai su watse, kuma mutum ɗaya ma idan aka maimaita masa gwaji ɗaya sau goma, amsa goma zai bayar. Warwatsewar tana ƙaruwa ne tare da tsawon lokacin. Akwai abin da ya kamata a faɗa don adalci: a gwajin mota mai tahowa da gudu ɗaya, yawancin mutane da wuri suke dannawa, wato suna zaton ta iso tun ba ta iso ba, kuma wannan kuskure ne mai tsare rai. Shi ya sa ake ƙetara titi kullum ana kwana lafiya. Amma wannan kariyar matsakaicin lissafi ce ta mutane da yawa, ba alkawari ba ce ga direba ɗaya a rana ɗaya da ratarsa ba ta kai daƙiƙa guda ba.

Na huɗu, mai keken ba babur kaɗai yake lissafawa ba. Dole ya waiga dama ya duba hannun da zai shiga. An gwada mutane da abu biyu masu tafiya a lokaci guda, aka ga lissafin wanda zai fara isowa yakan tsaya daidai, na biyun kuma a makara da shi. A kasuwa ma abin ya wuce biyu: ga ɗan dako da buhu a ka, ga mai baro, ga fasinja na magana.

Kunne fa? Ƙarar injin da ake ba wuta tana tona asirin ƙarin gudu, kuma an nuna cewa masu tafiya a ƙasa suna gyara lissafinsu idan suna jin ta. Mai keke yana zaune ne cikin ƙarar injinsa, ga janareton masu shago, ga jikin tirelar ya tare sautin. A hunturu kuma hazo yana dusashe abin da ke nesa, abu mai dishi-dishi kuwa yakan yi wa ido kamar a hankali yake tafiya.

Gwajin da za a iya yi a fili

Makarantar koyon tuƙi ko ƙungiyar masu keke za ta iya nuna wa mutanenta wannan ba tare da kwamfuta ba. A sami fili, a ja layi madaidaici na mita 40. A tsayar da bas ko a ɗaura tamfol a gefe yadda zai rufe mita 15 na ƙarshe. Mai kallo ya tsaya mita 10 daga layin, wani ya tuƙo keken hawa. Mai kallo ya ɗaga hannu a lokacin da yake jin keken ya kai ƙarshen layin. Mutum na uku ya tsaya da waya a inda zai ɗauki hannun da ƙarshen layin a hoto ɗaya. Bidiyon waya yawanci hoto 30 ne a daƙiƙa, don haka ƙirga hotuna tsakanin ɗaga hannu da isowar keke yana ba da kuskuren dalla-dalla. A rufe ƙarshen layin shi ma, kada mai kallo ya hango ƙafar gaba ta ɓullo, in ba haka ba saurin hannunsa ake aunawa ba lissafinsa ba. A yi sau goma da gudu ɗaya, sannan a cakuɗa da wasu goma da matuƙin zai fara ƙara wuta tun mita biyar kafin shamaki, ba tare da an gaya wa mai kallo wanne ne wanne ba. A zagaye na biyun nan ne ake ganin hannu yana tashi bayan keke ya riga ya wuce.

Inda gyaran yake

Horo yana ɗan rage kuskure, amma ba zai sanar da mutum abin da mai babur ya yi da totur a bayan tirela ba. Wannan labarin bai taɓa shiga idonsa ba, babu ƙwarewar da za ta ƙirƙiro shi. Don haka gyaran na wuri ne da na tsayuwa.

Ga mai keke, tsayuwa biyu ce. Ta farko a bakin layi, ta biyu a inda zai sake ganin titin da idonsa, ba da zato ba. A nan ma akwai tarko. Idan ya tsaya hancin kekensa daidai da gefen tirelar na cikin titi, idonsa yana baya da kusan mita ɗaya, kuma mita 24 kawai yake gani, abin da babur mai gudun kilomita 50 zai cinye cikin daƙiƙa 1.7. Ya ƙara turo hancin rabin mita, ya ga mita 40. Ya turo mita ɗaya, titin ya buɗe duka. Turowar nan a hankali ake yinta, da ƙafa a kan birki, domin hancin ya zama sanarwa ga mai zuwa kafin ya zama shinge. Direban ƙaramar mota ya fi shiga uku a nan, don bonet ɗinsa yana gaban idonsa da mita biyu ko fiye. Daga tsayuwa ta biyun kuma ƙetarawar ta ragu zuwa mita 5, kamar daƙiƙa 3.2, maimakon 4.9.

Ga mai babur, gefen babbar mota da ke tsaye kusa da bakin layi ba wurin ƙarin wuta ba ne. Da ya riƙe kilomita 30 ɗinsa, da keken ya wuce kafin ya iso, kuma ko da bai wuce ba, mita 14 sun ishe shi ya tsaya cak. Nisanta daga jikin motar, idan hannun can babu kowa, yana sa a gan shi da wuri shi ma ya gani da wuri. Hon kafin kan tirelar ya fi hon bayan an ga juna amfani nesa ba kusa ba.

Mafi arha duka shi ne wurin ajiye tirelar. Mai keke da ya tsaya hancinsa daidai da gefenta yana buƙatar ganin kamar mita 60: daƙiƙa 3.2 na ƙetarawa da ɗaya ta rata, a kan gudun kilomita 50. A wannan tsayuwar, duk mita ɗaya da aka ja kan tirelar baya yana buɗe masa mita uku na titi. Ke nan da karen motar ya sa direba ya tsaya mita 20 daga bakin layin maimakon 8, an sami mita 60 ɗin. 'Yan dako za su yi ƙorafin ƙarin tafiyar mita 12 da buhu a ka, kuma ƙorafinsu na da tushe, don haka wannan magana ce da sai shugabannin kasuwa da na masu lodi sun zauna a kanta, a shafa fenti a gefen kwalta inda kan mota zai tsaya. Haka lissafin yake a Kwangila da Ɗan Magaji a Zariya da duk inda manyan motoci ke kwana a bakin hanya, sai dai a can gudun ya fi yawa: a kilomita 80 mota tana cin mita 22 a daƙiƙa, tazarar gani da ake buƙata ta haura mita 90, kan tirelar kuma sai ya koma baya mita 30 ko fiye.

Tudun rage gudun ma yana da hannu a lamarin. An sa shi inda abin hawa ke saukowa a mafi ƙarancin gudunsa daidai lokacin da mai fitowa daga layi ke yi masa kallon ƙarshe, sannan ya bar masa mita hamsin na ƙara wuta kafin mahaɗa. Da a mita 10 zuwa 15 kafin bakin layin yake, da ragewa babur zai riƙa yi a bayan tirelar, mai keke ya lissafa masa daƙiƙa shida ya iso a bakwai.